Ranar tsinkar furen ilang-ilang

Talata, tsibirin Anjuwan, ƙasar Komoros.

Ana sallame Asuba muka hau tudu zuwa gonar ilang-ilang, bishiyar da ake samun man turare daga furenta, domin da sanyin safiya furen ya fi riƙe ƙamshi. Mun tarar mata sun riga mu, suna zaɓen wanda ya yi rawaya, kore kuwa a bar shi sai wani zagayen.

Bishiyoyin ne suka ɗaure mini kai. A dazuzzukan Indonesiya da Filifin, inda asalinta yake, wannan bishiya da masana ke kira Cananga odorata tana miƙewa ta wuce mita 20, ga saurin girma. A nan datse mata kai ake yi tun tana ƙarama, a danne rassan, ba a barinta ta wuce mita 2 ko 3 don hannu ya kai. Sai ka gan ta a durƙushe kamar tsohuwa mai ciwon baya. Ban ji daɗin ganinta haka ba, amma dai ni ma ba zan hau mita 20 saboda fure ba.

'Yar dangin gwandar daji da kimba ce. Furen na da kunnuwa shida, dogaye, sirara, a zube ƙasa.

Da hantsi aka kai abin da aka tsinko wurin dafawa, don in ya jima a buhu lalacewa yake yi. Ƙatuwar tukunya ce a kan murhu. Tururi ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, mai ya taso a sama. Wanda ya fara ɗiga shi ne mai daraja, shi masu turare a Faransa ke nema. Da ilang-ilang ake haɗa turaren Chanel No. 5 tun 1921. Sai an dafa fure kimanin kilo 50 kafin a samu lita 1, kuma wuta kan kai kusan awa 20 tana ci.

Tarin itacen da ke gefen murhun ya fi ni tsayi, duk daga tuddan nan aka saro. Mai tukunyar ya ce rafukan da a da ba sa yankewa yanzu ƙafewa suke yi da rani. Na ce, “Baba, ai ƙamshin nan ne ke cin dajin.” Ya ce ya sani, amma da shi ake ci da gida.

Gobe zai kai ni in ga sabon murhun da aka ce ba ya cin itace sosai.