Sunan Asma'u da ɗan aikin nemo()

Ina rubuta manhajar rajistar ɗalibai da harshen rubuta manhaja na PHP da rumbun bayanai na MySQL don wata Islamiyya a unguwarmu. Komai lafiya lau, sai ranar da malam ya shigar da sunan Asma'u. Shafin ya tsaya cak. Ɗan waƙafin nan (') na tsakiyar sunan ne ya rufe jimlar SQL, wato tambayar da ake aika wa rumbun, tun ba ta ƙare ba, domin liƙa sunan nake yi kai tsaye cikin tambayar. Ga su Sa'adu da Mas'udu da Rabi'atu cike da ajin.

Hankalina ya tashi, don ta wannan ƙofar ce ɓarayin bayanai ke shigowa.

A daren na rubuta ɗan aiki guda (function), wato guntun umarni da ake kira da sunansa a duk inda ake buƙata, na raɗa masa suna nemo(). Yana karɓar tambaya mai alamar ? a gurbin kowane suna, ya miƙa wa umarnin prepare na PDO (hanyar da PHP ke magana da rumbun), umarnin execute ya kai sunayen daban, sannan ya dawo da layukan bayanan da aka samo. Inda nake maimaita layi shida, yanzu layi ɗaya ne.

Haɗin manhajar da rumbun kuma na mayar da shi kan tsarin haruffa na utf8mb4, don ƙ da ɗ da ɓ su fito yadda aka rubuta su.