Saƙon godiya bayan baje kolin aikin hannun yaran unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Ranar Asabar da ta wuce muka rufe ajin zane da aikin hannu da muka buɗe wa yaran unguwarmu a wannan dogon hutu, muka baje abin da suka yi iyaye suka gani. Tun daren nan nake son in rubuta wannan saƙo, gajiya ta hana, sai yau Allah ya nufa. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Da yawa daga cikin waɗanda suka taimaka sun roƙe ni kada in ambaci sunansu, don haka ba zan kira sunan kowa ba, amma kowa zai gane kansa.

Da yara 12 muka fara, a kan tabarma a tsakar gidanmu. Mun rufe da 41. Alhamis da Juma'a da safe muke zama, ranakun da babu makarantar allo, don kada a ce mun janye yaro daga karatu. Ba mu da kuɗin sayen fenti da buroshi, kuma yau ina ganin wannan rashin ne ya zame mana alheri, domin shi ya sa na fita na ƙwanƙwasa ƙofar mutanen da sana'ar take hannunsu tun kaka da kakanni, ga su nan kusa da mu, kullum muna wuce su muna gaisawa.

Godiyata ta farko ga Alaramman unguwarmu, Allah ya gafarta Malam. A makon farko wani uba ya same ni a soro ya ce, "Malama, ni fa ba na son a koya wa ɗana zanen mutum-mutumi." Ban ga laifinsa ba. Na je na faɗa wa Malam, muka tsayar da magana cewa aikinmu zai tsaya a kan zayyana, da gine-gine, da itatuwa, da tukwane, da rini. Ban da shawara, Malam ya turo babban almajirinsa ya koya wa yara haɗa tawada da gawayi da ƙaro, da fiƙe alƙalami, da yadda ake raba allo gida-gida kafin a fara zayyana irin ta allon sauka. Yaron da bai taɓa riƙe rula don son ransa ba, sai ga shi yana aune-aune da zare don kusurwa huɗu su zo daidai. Ni malamar firamare ce, na shekara ina fama da yara a kan murabba'i da da'ira a allon aji. Abin da na gani a tabarmar nan ya isa hujja cewa lissafi yana shiga ta hannu. Uban nan da ya zo da ƙorafi, shi ne daga baya ya kawo mana alluna guda 10 kyauta. Allah ya saka masa da alheri.

Sai Baba marini na Ƙofar Mata. Mun kai yara marinar nan da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, da yawansu a Kano aka haife su amma ba su taɓa leƙa ciki ba. Baba ya zaunar da su a bakin ramin, ya nuna musu ganyen baba da toka da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini, ya ce sai an jiƙa su a bar su su ruɓa na kwanaki kafin ruwan ya nuna. Kowane yaro ya zo da farin ƙyallensa da ya ɗaɗɗaure da zare a gida, wasu sun ƙulle tsakuwa a ciki, wasu ƙwallon dabino. Da Baba ya tsoma na farko ya ɗago, ƙyallen ya fito kore-kore. Wata yarinya ta ce, "Baba, ai ya ɓaci!" Ya ce, "Yi haƙuri, jikata, bari ya sha iska." Muna tsaye a gaban idonmu koren ya riƙa juyawa yana zama shuɗi. Tsit suka yi, sannan suka ɓarke da ihu. Ya sake tsomawa ya ɗago, ya sake, yana gaya musu cewa yawan tsomawa ne ke sa shuni ya yi duhu, babu mai yi masa gaggawa. Rabin yini ya ba mu, ranar aikinsa ce, kuma da na miƙa masa ɗan abin goro ya mayar mini, ya ce in saya wa yara ruwa. Baba, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan magabata.

Bayan mun dawo daga marina ne yara suka hana ni sakat da tambayar ko akwai wani launi da za su iya haɗawa da kansu. Ƙanwata, wadda ke karatun kimiyya, ta kawo zoborodo da kurkum da kanwa da lemon tsami. Ruwan zoɓo idan aka matsa masa lemo sai ya yi ja wur, idan aka ɗiga masa ruwan kanwa sai ya koma duhu mai kore-kore. Kurkum rawaya ne, amma da ya ji kanwa sai ya yi ja. Da waɗannan, da jar ƙasa, da farar ƙasa, da lalle, suka yi wa zanensu launi, buroshinsu kuwa tsinken asuwaki ne da aka tattauna bakinsa. Na gode, ƙanwata. Ina kuma neman afuwar iyaye mata da suka sha wankin riguna a wannan makon.

Ma'aikatan Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, sun karɓe mu hannu biyu. Sun zaga da mu, suka bar yara suka zauna a ƙasa da takardunsu suna kwaikwayon zankwaye da bakan ginin da azarar rufi. Wani daga cikinsu ya tsaya ya ba su labarin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya nuna musu fadar da ke fuskantar gidan. Mun gode. Haka direban da ya kai mu ya dawo da mu a kuɗin mai kawai, da tela da ya tara mana ƙyallaye buhu guda, da mai shagon da ke ajiye mana kwalaye da murafan kwalba, da manomin da ya ba mu ragowar karan dawarsa na bara. Da karan nan samarin unguwa suka tuna wa ƙannensu motar kara da tabarau na kara, abin da mu muka tashi muna yi, na yanzu kuwa wasunsu ba su taɓa gani ba. Wani yaro ɗan aji huɗu ya ƙera a-daidaita-sahu har da rumfa da madubi.

Yanzu na zo kan wadda nake jin nauyin godiyarta fiye da kowa, wato Inna mai tukwane. Tsohuwa ce, ƙafa na damunta, amma sau biyar tana zuwa. Ranar farko ta sa yara suka tattaka yumɓu da ƙafa, ta sa suka daka tsingaro aka zuba a ciki, ta ce shi ke hana tukunya tsagewa idan ta ji wuta. Ba ta yawan magana. Sai ta ɗora hannunta a kan hannun yaro, babban yatsa a ciki, sauran a waje, su juya tare har bakin ya tashi. Suka yi asusu, da kaskon turare, da 'yan tukwane na wasa. Da suka fara tauri ta ba kowa dutse mai santsi ya goge nasa har ya yi sheƙi. A ranar ne na fito da naira 20 na juya bayanta na nuna musu Ladi Kwali zaune tana gina tukunya, na gaya musu Bagwariya ce daga Kwali, ta rasu a 1984, kuma aikin hannunta ya kai ta har Ingila da Amurka. Inna ta karɓi kuɗin ta kawo shi kusa da ido ta daɗe tana dubawa. Ta ce shekara da shekaru tana karɓar wannan takarda a kasuwa, ba wanda ya taɓa gaya mata 'yar'uwarta ce a jiki.

Mun shirya gasa tukwanen ranar Alhamis, baje koli Asabar. Daren Laraba aka yi ruwa da iska kamar da bakin ƙwarya. Tagar ɗakin da muka shanya su ta buɗe, ruwa ya shigo ya kwanta a ƙasa. Da asuba na je na tarar fiye da rabinsu sun narke sun koma taɓo. Gwiwata ta yi sanyi. Na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin da wane baki zan gaya wa yaran. A safiyar nan kuma aka aiko mini cewa zauren da aka yi mana alkawari an ba wa masu biki.

Yara suka iso suka gani. Wata 'yar shekara 8, wadda ta kwana uku tana goge asusunta, ta durƙusa tana kuka mai cin rai. Inna ta shigo da sandarta, ta dubi ɗakin, ta ce a miƙo mata kwano. Ta tsuguna, ita da ƙafar ke ciwo, ta riƙa kwashe taɓon da hannu tana zubawa. Ta jawo yarinyar ta ce, "Share hawayenki, 'yar nan. Ƙasa ce. Abin da bai shiga wuta ba ana sake shi." Ta sa aka barbaɗa busasshen yumɓu aka sake cuɗawa. Kafin azahar kowa ya sake gina nasa, kuma wallahi na biyun sun fi na farkon kyau, bakinsu ya fi daidaita. Yarinyar nan ta yi wa sabon asusunta zanen dagi da tsinke. Inna, ba ni da abin da zan biya ki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Maganar zaure kuwa, mai unguwa ne ya share mana hawaye. Ranka ya daɗe, mun gode. Ya ce a kafa rumfa a ƙofar gidansa, samari suka kwaso bencina daga maƙwabta, matan layinmu suka aro igiyoyin shanya muka rataye ƙyallayen rini. Tukwanen da aka sake ba su bushe ba, damina ce, haka muka jera su ɗanyu a kan faifai, muka rubuta a kwali cewa kada a taɓa. Allah ya taimake mu sama ta riƙe har bayan la'asar.

Iyaye, na gode da kuka zo. Na ga uban da ya rufe shagonsa, na ga kakar da aka riƙo wa hannu. Akwai mahaifiyar da a farko ta ce mini wasa da ƙasa ba ya kawo abinci, na gan ta tsaye a gaban allon ɗanta ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani. Roƙona gare ku ɗaya ne: idan aikin nan ya iso gida, a samar masa wuri a bango ko a kan kabad, kada ya tafi bola ranar shara. Yaro yana lura da inda aka ajiye abin da ya yi.

Ga maigidana da ya haƙura tsakar gidansa ta zama marina da maginar tukwane har mako shida, da surukata da ta riƙa dama wa yara kunu, Allah ya bar zumunci. Ku kuma yarana 41, Allah ya yi muku albarka, ya raya ku, ya sa albarka a hannuwanku.

Inna ta ce idan rana ta samu, tukwanen za su isa shiga wuta nan da kwana 10. A bayan gidanta za a gasa da kara da busasshiyar ciyawa, bayan la'asar, kuma duk yaron da iyayensa suka yarda yana iya zuwa ya gani, amma da rakiyar babba saboda wuta. Washegari kowa ya zo ya karɓi nasa. Akwai ƙyallayen rini guda uku da ba a rubuta suna a jikinsu ba, da kwanon sha ɗaya, da takalmin yaro ƙafar hagu, duk suna wurina.

Wassalamu alaikum.