Man gyaɗan da na ce babu

Laraba. Sanyin Jos ya dawo da ƙarfinsa, da ƙyar na rabu da bargo ƙarfe 5. Babu wuta, da tocila muka yi sujadar safe. Yau layin Auta ne na karatun Littafi Mai Tsarki, 1 Sarakuna 17, aya 8 zuwa 16. Tana ta tuntuɓe a kan "Zarefat", Baban yara yana ɗaga ta, muka sha dariya. Kaka ta rufe da addu'a. Na shiga kicin da waƙa a bakina.

Wajen ƙarfe 10 sai ga 'yar Maman 'Yan Biyu ta yi sallama.

"Mama, wai in ji mamanmu ki sam mata man gyaɗa kaɗan, za ta mayar ran Asabar."

Na ce, "Ayya, ki ce mata nawa ma ya ƙare."

Ban ko tsaya tunani ba. Alhali jarka tana nan bayan buhun masara, na lulluɓe ta da tsohon zane, ita na ware don cincin ɗin Kirsimeti. Yarinyar ta rusuna ta ce, "To Mama, na gode," ta juya. Kwalbar da ke hannunta ce ta tsaya mini a rai, 'yar kwalbar maganin tari da aka wanke, an toshe bakinta da leda. Ludayi ɗaya ma zai cika ta.

Ina da hujjata. Sau 2 ta ara ba ta mayar ba, kuma kowa ya san yadda mai ya yi tsada. Da wannan na riƙa lallashin kaina ina wanki. Da rana ta yi dai na kasa, na share hannu na sake buɗe wurin da muka karanta.

Da safe hankalina yana kan al'ajibin ne, garin abincin gwauruwar Zarefat da bai ƙare ba. Yanzu kuwa amsar gwauruwar ce ta kama ni. Rafin Kerit ya ƙafe, annabi Iliya ya iso ƙofar gari ya same ta tana tsintar itace, ya roƙi ruwa, ya ƙara da roƙon abinci. Baƙo ne, ba ta san shi ba. Ita kuma ta ƙasar Sidon ce, ƙasar su Yezebel matar Ahab sarkin Isra'ila, har da za ta rantse ma, cewa ta yi "Allahnka". Da ta ce masa babu, wa zai ga laifinta? Amma sai ta lissafa masa duk abin da ya rage: tafin gari a tukunya, ɗan mai a tulu, itace guda biyu, ta dafa su ci ita da ɗanta, su jira mutuwa. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ni da nake da jarka, nake kuma shugabantar addu'a a Zumuntar Mata, na dubi ƙaramar yarinya na faɗi abin da ba haka ba.

Kaka tana zaune a rana tana ɓarar gyaɗa. Na gaya mata duka. Ba ta ɗago kai ba.

"Hanin ne ya dame ki, ko ƙaryar?"

"Ƙaryar, Mama."

"Da kin ce akwai amma na Kirsimeti ne, da an wuce wurin. Kunya kika ji a san kina da shi."

Na yi shiru. Can ta ce in duba da kyau, ba inda aka rubuta cewa tukunyar matar ta cika. An dai ce garin bai ƙare ba. "Kullum sai ta kai hannu ƙasan tukunya, 'yata. Ke kuwa so kike ki ga buhu a jingine kafin ki yi barci." Ta tuna mini da Luka 4, inda Yesu ya kawo zancen matar nan a majami'ar Nazarat, ya ce gwauraye da yawa ne a Isra'ila a yunwar shekara 3 da wata 6, ba a aiki Iliya wurin ko ɗayarsu ba sai ita. Mutanen garinsu suka fusata har suka kai shi bakin dutse za su jefa shi ƙasa. Ban ji daɗin gano gefen da nake zaune a labarin ba.

Tuwo da miyar kuka. Baban yara ya dawo a gajiye. Wuta ta zo, ta koma.

A addu'ar dare, da muka iso wurin roƙon abincin yini, muryata ta sauka. Auta ta leƙo fuskata.

Na cika kwalbar lemo da mai na ajiye bakin ƙofa. Kai shi ba wuya. Abin da zan ce ne ban shirya ba, don in na aiki Auta da shi, Maman 'Yan Biyu za ta ɗauka sayowa na yi, ƙaryar ta zauna daram. Da ƙafata zan je, kafin ta fita kasuwa.

Karatun gobe daga aya 17 ne, inda ɗan matar ya kwanta ciwo. Ni ce da layi.