Aikin da ke biyo bayan ranar dashe

Ƙaramin kamfani nake gudanarwa, kuma sana'armu ita ce gyara farfajiyar makarantu ta hanyar dasa itatuwan inuwa, da kafa ɗan lambu, da tanadar wurin da malami zai fito da ɗalibansa su yi darasi a sarari.

Shugabannin makarantu sukan fara tambayata yawan itatuwan da za mu dasa, ni kuwa ƙasa nake fara dubawa. Filin da yara suka shekara suna tattakawa yakan ƙanƙare har ruwa ya kasa ratsa shi, saiwa kuma ta rasa iska. Saboda haka sai mun farfasa shi mun zuba taki kafin mu kawo dashe, inda aka malala siminti kuma mu fasa wani sashe. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun 2018 birnin Paris na Faransa ya fara cire kwalta daga farfajiyar makarantunsa don rage wa yara zafi. Faɗin ramin da muke haƙawa yakan ninka dunƙulen saiwar sau biyu, amma ba ma zurfafa shi, domin itacen da aka binne gindinsa yakan ruɓe a hankali ba tare da kowa ya lura ba.

Ba ma dasa mai ƙaya, ko mai 'ya'ya masu guba, ko wanda rassansa ke saurin karyewa, kuma mukan nisanta manyan itatuwa daga bango da bututun ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne dogon hutu. A farkon sana'ata na taɓa kammala wani aiki da na yi alfahari da shi, amma da aka dawo hutu sai na tarar yawancin dashen sun bushe, saboda ban tambayi wanda zai riƙa ba su ruwa ba. Laifina ne, kuma har yau ina jin zafinsa. Dashe yana buƙatar ban ruwa a kai a kai na shekara biyu zuwa uku kafin saiwarsa ta kafu. Tun daga lokacin ba na sa hannu a kwangila sai an rubuta sunan mai ban ruwa a lokacin hutu, an kuma raba itatuwan ga azuzuwa, kowane aji da nasa da kuma littafin da yara ke rubuta tsayinsa kowane wata.