Ramin tara ruwa da abin da ya koya min

Aikin farko da oga ya damƙa min bayan bautar ƙasa wani rukunin gidaje ne a bayan gari nan Kano, fili hekta 10, wai in fitar da girman ramin da zai riƙe ruwan sama kafin ya gangara kwalbatin bakin titi. A raina na ce ai kududdufi ne kawai ya sa rigar boko.

Lissafin bai ba ni wahala ba. Milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 lita 10,000 ne, gona takan shanye yawancinsa, amma da an rufe wuri da kwano da intalok da kwalta sai kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ya kama gudu. Na ɗauki ruwa mafi ƙarfi na minti 30, na fitar da lamba, na ƙara wani abu a kai don kar a ce na yi rowa, na kai masa ina ta jin kaina.

Ko biro bai ɗauka ba. Ya ce, "Injiniya, to ta ina ruwan naka zai fita?"

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Ashe bututun fita shi ne ke juya komai. In ya yi faɗi ruwa ya wuce kamar ba rami, ya je ya ci gidajen mutanen gangare, in kuma ya matse ramin ba zai zazzage ba kafin ruwan gobe, ga shi a Agusta marka ba ta jiran kowa, kuma ruwa ya kwana bakwai a tsaye ka buɗe wa sauro gida. Kwana 2 zuwa 3 ake so ya ƙafe. Da na koma SWMM, manhajar kwamfuta mai lissafin gudun ruwan sama, na gwada ruwan awa 1, awa 3, awa 6, sai ga shi mai tsawon nan da na raina shi ya fi cika ramin, ba mai zuwa kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke ba.

Sai kuma Alhaji mai fili, shi duk taku ɗaya fuloti yake gani. "Ranka ya daɗe, in aka rage nan ruwa falo zai shiga," haka muka yi ta ja har ya haƙura. Ban ga laifinsa sosai ba, haka aka yi ta cike kududdufan cikin gari ana gini, yanzu ruwa na neman tsohon gidansa a tsakar gidan mutane.

Bayan damina na koma dubawa. Yashi da laka sun cinye ƙasan ramin har gwiwata, bakin bututun kuwa ledar fiya wata ce cunkus, har da tsohuwar katifa. Ba ko ɗaya a cikin kwamfutata. Zanen da na yi bayan nan sai da na sa ragar ƙarfe, da ɗan rami a gaba mai tare yashi, da mafitar gaggawa ta sama, da hanyar da tifa za ta sauka kwasar laka da rani.