Yadda na koyi waƙoƙin Anton Günther a gidan tsofaffi

Takardar shaidar Jamusancin da na zo da ita ba ta tsinana mini komai ba a farkon zuwana aikin jinya a wani gidan kula da tsofaffi da ke yankin duwatsun Erzgebirge, can gabashin Jamus. Da karin harshensu tsofaffin wurin suke magana, ni kuwa sai na zama kamar wanda ya koyi Hausa a littafi aka sauke shi a kasuwar ƙauye a ƙasar Sakkwato.

Ranar Alhamis ake haɗa su a falo su yi waƙa. Akwai wata tsohuwa da mantuwa ta ci ƙarfinta har ba ta gane 'yarta, amma da an ɗauko wata waƙa sai ta bi ta baiti-baiti, ba tuntuɓe, tana buga yatsa a hannun kekenta. Na tambayi mai waƙar, aka ce Anton Günther, ana mamakin ban san shi ba.

An haife shi a 1876 a Gottesgab, wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi a bakin iyaka, wanda yanzu yake ƙasar Cek da sunan Boží Dar. Sana'ar zane a kan dutse don ɗab'i ya koya, ita ce ta kai shi birnin Prag. A can, cikin kewar gida, ya yi waƙarsa ta farko a 1895, ya buga ta a katin gidan waya: kalmomi da zanen da ya yi da hannunsa. Dabarar nan ta burge ni ƙwarai. Ba rediyo a lokacin, amma duk wanda aka aika wa kati an aika masa waƙa. A 1901 mahaifinsa ya rasu, ya koma gida ya riƙe iyali da ɗan abin noma, yana yawon waƙa da jitarsa.

Na samo jita ta hannu na fara da "Feieromd", wadda ya yi a 1903. Daga takarda ba ta koyuwa, don yadda ake rubuta karin daban, yadda yake fita a baki daban. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin ma'adinai, shi ya zaunar da ni. "Yarinya, saki muƙamuƙin nan, ba labarai kike karantawa ba," in ji shi. Ya faɗa in maimaita, in ɗauka a waya in saurara a bas. Kiɗan ba wuya, sauri ne ke ɓata shi, dole a jira numfashin tsofaffi.

Shugabar sashenmu ta ja kunnena tun kafin in fito da "Feieromd" ɗin. Waƙar tashi daga aiki ce da faɗuwar rana, amma ita ake rerawa a jana'iza a yankin, don haka ba a ɗauko ta a makon da aka yi rashi a gidan sai in su suka nema. Wasunsu kuma daga tsallaken iyaka aka koro iyayensu bayan 1945, kamar yadda aka kori iyalin Günther ɗin, shi da ya kashe kansa tun a 1937. Da aka kai mu ziyara Boží Dar, kabarinsa suka fara nema kafin abinci.

Guda ɗaya ce na ƙi koya, wadda ya yi a 1908 a kan zama Bajamushe mai 'yanci. Masu ƙyamar baƙi kan rera ta a zanga-zangarsu yau. Malamin nawa ya ji haushi, ya ce an yi ta tun kafin a san da 'yan Nazi, kuma ba laifin mai waƙa ba ne in wasu sun ara. Da gaskiyarsa a nan. Na ce masa ni dai na taɓa jin ta a bakin mutanen da suke so in bar ƙasar, shi ya rera abinsa, ni zan riƙe masa takardar. A haka muka shirya, ko da yake har yanzu yakan tayar da maganar in ina auna masa hawan jini.