Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. A madadin Hajiya da ƙannena, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an sallamo Baba daga asibiti, yanzu yana gida. Alhamdu lillahi. Ɓarin jikinsa na dama bai gama sakewa ba, da sanda yake takawa, amma baki ya buɗe, yana kiran kowa da sunansa.

Waɗanda suka zo dubiya a farkon kwanciyarsa sun ga halin da muka shiga. Hawan jini ne ya kayar da shi, ya tashi ba magana. Yana gane mu, yana jin abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki kalma ta ƙi fita, sai hawaye. Mutumin da ya shekara da shekaru a tasha, wanda ba a zama da shi a yi shiru.

Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi. Muna godiya ga direbobi abokan aikinsa da suka yi karo-karo tun ba mu buɗe baki mun roƙa ba, da maƙwabtan da suka ɗauke wa Hajiya girki, da Malam liman da jama'ar masallaci da ba su fasa saka shi a addu'a ba. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ba zan manta ba. Ita ce ta tambaye ni wace waƙa Baba yake so, na ce ai shi ba ya haɗa Ɗan Maraya Jos da kowa. Ta ce in riƙa kunna masa a waya. Da na sa waƙar Karen Mota, sai muka ga yatsansa na hagu yana bugun ƙarfen gado daidai da kiɗan kuntigi. Ba a jima da fara hakan ba, wata ranar da la'asar, leɓɓansa suka motsa, ya kama baiti ya bi shi har ƙarshe, muryar a dishe, kalmomin kuwa ras. Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Daga baya likita ya bayyana mana cewa ga yawancin mutane magana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take, nan ne ciwon ya taɓa, rera waƙa kuwa tana samun taimakon ɗaya ɓangaren, shi ya sa wani majinyacin yakan rera abin da ya kasa faɗa. Fatiha ma da ƙira'a ta dawo bakinsa. Waraka ta Allah ce, wannan sababi ne da ya kawo mana.

Don haka dole in saka marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya a wannan godiya. An haife shi a Bukuru a 1946, ya rasa uwa da uba tun yana jariri, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Ya yi suna da ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai, ba 'yan amshi. A ganina maraicin nan ne ya buɗe masa ido ya ga mutanen da ba a kallo. Baba da yaron mota ya fara kafin ya kama sitiyari, kuma ya sha gaya mana cewa waƙar Karen Mota ce ta fara nuna masa cewa wahalarsu ma abar faɗa ce. Ɗan Maraya ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, ga shi har yau muryarsa tana yi wa bayin Allah amfani. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya albarkaci bayansa.

Masu son zuwa gaishe da Baba, don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe yana zuwa gashi. In kun zo ku ja shi da hira, ku yi haƙuri ya ƙarasa maganarsa da kansa, kada a tari numfashinsa. Haka likita ya ce. Mun gode, Allah ya bar zumunci.